Mita a Hannun Hagu

Auta ta tsaya cak a bakin teburin gwaji, ko jakarta ba ta sauke ba. Mitar auna ƙarfin haske tana hannun hagu. Ita kuwa tun da ta fara aiki a ɗakin nan a dama take ajiye ta, kusa da kwalin auduga, wayarta a nannaɗe. Yau ga ta can a hagu, wayar ta bi ta bayan madubi, an kuma karkata fuskarta yadda mai aiki da hannun hagu zai ji daɗin karantawa.

Mutum ɗaya ne a duk benen yake aiki da hagu. Mijin yayarta ne, kowa Bahago yake ce masa.

Ta sa tabaran kariya. Lesar da take aiki da ita, wato na'urar da ke harba siririn haske mai ƙarfi, ba a ɗakinta take ba, tana ɗakin da ke jikin nata, ɗakin Bahago, don a nan ne sanyi ya fi zama. Haskenta ja ne mai duhu, kuma ba a miƙe yake zuwa kamar na tocila ba. Bugu-bugu yake fitowa, kowane bugu gajere ne har ƙiftawar ido ta zama doguwar tafiya a kusa da shi. Yakan ratsa bango ta cikin wani baƙin bututu, ya sauka kan madubanta, ita kuma ta lallaɓa shi ta cusa shi cikin zaren gilashin da bai kai silin gashi kauri ba. Ja yake shiga. In ya fito ta ɗaya bakin, sai ya baje a kan farin kati, shuɗi da kore da rawaya, bakan gizo sosai a cikin ɗaki mai duhu.

Wasu ma suna samun hakan, amma sai sun ƙure wa lesa wuta. Zaren Auta, wanda ita ta zana tsarin ramukan cikinsa, da ɗan ƙarfi kaɗan yake yi. Abin da ta wallafa ke nan, kuma shi ya jawo mata magana. Wasu masana a wata cibiya sun gwada ba su samu ba, suka kai ƙara cewa hotunanta haɗi ne. Farfesa, shugabar sashen, ba ta ja zancen ba. Ta ce za a kawo baƙon masani ƙarshen mako, Auta ta kunna a gabansu kowa ya gani da idonsa. In ya fito, magana ta mutu. In bai fito ba, sunanta ya mutu, kwantiraginta ya bi shi.

Ta buɗe murfin bututun. Haske ya shigo. Ta duba mita, ƙarfi yana nan daidai yadda ta bar shi kafin hutun mako. Ta juya ga katin.

Wani jan tabo ne kawai, kamar an ɗiga jan tawada.

Ta yanke bakin zaren ta yi masa sabon baki. Ja. Ta goge madubai ɗaya bayan ɗaya. Ja. Ta ɗauko sabon zare daga akwati, ta sake saiti tun daga farko har wuyanta ya ƙage. Mita tana ce mata lafiya lau, kati yana ce mata maƙaryaciya. Sai maganar mai gadi ta faɗo mata, da safen nan yana buɗe mata ƙofa yana dariya: "Danginku ba su san hutu ba, Dakta. Jiya ma mijin yayarki ya yini a sama."

Ta cire tabaran ta fita.

Ta tarar da shi yana jera kwalabe a wurin shanya. Shi masanin sinadarai ne, lesar aro yake yi yana haska ruwaye masu launi, ya karanta mita, ya rubuta. Tun ba yau ba yake ƙorafi a taro cewa Auta ta cinye masa lokacin lesa, kuma ɗaki ɗaya ya yi masa kaɗan.

"A'a, 'yar autar gidanmu," ya ce ba tare da ya juyo ba. "Wannan sallamar ta masu kama ɓarawo ce."

"Jiya ka shigo?"

"Ina kwana dai tukuna."

"Ina kwana. Jiya ka shigo?"

Ya ɗora kwalba a ƙugiya, ta zame, ya cafe ta. "Jiya? Ina gida. Yayarki ta sa ni gyaran famfo, har yanzu bayana bai dawo daidai ba."

"Mai gadi ya ce ya gan ka."

"Mai gadin da yake ce wa Farfesa barka da asuba da la'asar? Ki bar shi kawai."

"An taɓa mini mita."

Nan ya juyo. Ya kalle ta, amma ba fuskarta ya fara kallo ba, idonsa ƙasa ya fara sauka kafin ya ɗago da sauri. "Mita kuma? Ta lalace?"

"Ba ta lalace ba. Bakan gizona ne ya ɓata."

"Ya ɓata kamar yaya?" Muryarsa ta ɗan tashi. "Ƙarfin bai kai ba ne? Ai ya kamata a ce ya kai daidai."

"Wa ya ce maka ya kai daidai?"

Ya kau da ido. Sannan ya nuna na'urar da ke bakin lesar, wadda take auna gajartar bugu. "Zo ki duba da kanki. Ni ban taɓa lesarki ba."

Ta duba. Bugu gajere ne, tsaf, kamar kullum. Ƙarfi daidai, gajarta daidai, to ina aka yi mata yankan? Ta fito tana jin idonsa a bayanta. Abin da ya tsaya mata shi ne, mutumin da bai shigo ba, ta ina ya san ƙarfi ya kai?

Da yamma ta biya gidan Yaya. Ta same ta a kicin tana yanka albasa, ƙaramar 'yarta na jan zanenta. Auta ta tsaya daga bakin ƙofa, don kwanakin nan hancinta ya zama na kare, komai ta shaƙa sai zuciyarta ta tashi. Ciki ne da ita, ƙarami, bayan doguwar jira. Ban da mijinta, wanda aiki ya kai wani gari, Yaya kaɗai ta gaya wa. Ta kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, musamman Bahago, don ba ta so maganar ta kai ofis kafin a sabunta kwantiragi.

"Shigo mana, kin tsaya kamar mai tallan da aka hana shiga."

"Nan ma ya isa. Yaya, famfonku ya gyaru?"

"Wane famfo?"

Auta ta kafe ta da ido. Wuƙar ta tsaya a kan albasa.

"Oho, famfo! Eh, ya gyaru. Jiya maigidan ya yini a kansa, ko ƙofa bai leƙa ba."

Famfon kicin yana bayanta yana ɗiga, tal, tal, cikin roba.

"Na banɗaki ne," Yaya ta ƙara da sauri. "Ke, wai tuhumata kika zo yi? Ya jikin? Har yanzu warin maganin wanke kwalabensa yana sa ki amai a wurin aikin?"

"Ki bar zancen jiki. Yaya, idan aka kore ni, wa zai samu ɗakina?"

Yaya ta ajiye wuƙar. "Auta, ki kiyayi bakinki. Mutumin da ya ɗauki akwatinki a ka ranar da kika tare?"

"Ni ban kira suna ba."

"Ba sai kin kira ba, ni na yi miki wanka kina jaririya, na san wannan fuskar."

"To ki ce masa ya mayar mini da abin da ya ɗauke."

Ta juya ta fita, Yaya na kiranta tana tafiya. A mota ta riƙe sitiyari ta daɗe ba ta tayar ba. Miji ya yi ƙarya, mata ta tare masa. Cikin uwa ɗaya suka fito, amma ga inda aka zo.

Kwanakin da suka biyo ba ta bar komai ba. Ta zargi zaren, ta zargi madubai, ta zargi na'urar sanyi. Ta manna siririn gashinta a bakin ƙofa kafin ta tafi cin abinci, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi, abin ya ƙara ba ta haushi, wato ya riga ya gama aikinsa ba ya bukatar dawowa. Sau biyu Bahago ya leƙo da kofin shayi yana cewa, "Ko in taya ki dubawa?" Sau biyu ta rufe ƙofa a fuskarsa. Ana gobe baƙo zai zo ta hau ofishin Farfesa ta zayyana mata komai: mita, mai gadi, famfo.

Farfesa ta cire tabarau ta goge a hankali. "Kin san nauyin abin da kike faɗa?"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Na kuma san mutum in ruwa ya kai masa wuya, duk wanda ke kusa shi zai riƙo." Ta mayar da tabaran. "Ban ce ke ba ce, ban ce shi ba ne. Gobe zai tsaya a ɗakin tare da mu. Ki kunna."

Auta ta sauko ta gane ita ma ba ta fita daga zargi ba, ƙara shiga ta yi.

Baƙon ya iso da hantsi, gajeren dattijo mai furfura a gira, alƙalami a aljihun gaba. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya zagaya teburin hannu a baya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga farin katin ya duba bayansa kamar mai neman ɓoyayyen ƙwan fitila. Farfesa ta tsaya a bakin ƙofa. Bahago ya jingina da bango, ya rame a kwanakin nan, ko wasan da ya saba bai yi ba.

Aka kashe fitila. Auta ta buɗe bututu.

Ja.

Ta murɗa, ta saita, ta sake murɗawa. Zufa ta jiƙa mata bayan wuya duk da sanyin ɗakin. Dattijon ya duba mita, ya shiga ɗakin Bahago ya duba na'urar gajarta, ya dawo.

"Ƙarfi yadda kika rubuta," ya ce. "Gajarta yadda kika rubuta. Zare naki ne. Me ya rage, Dakta?"

"A ƙara mini lokaci kaɗan."

"An ba ki mako guda, in ji Farfesa." Ya ciro ƙaramar kwalba daga jakarsa, ya jiƙa auduga. "Bari in goge madubin ƙarshen nan da hannuna, kada a ce ban yi adalci ba."

Warin ya doki hancinta, irin na abin goge jan farce, mai kaifi. Cikinta ya juya, ta dafe tebur ta haɗiye yawu. Wannan warin ne ya hana ta sakat watan jiya, kullum Bahago ya fara wanke kwalabe sai ya biyo bututu ya cika mata ɗaki, ta ruga banɗaki. Ita da kanta ta daina goge madubai da shi, ta koma wani marar kaifi.

Ta ɗago kai a hankali. Yaushe rabon da ta ji shi a ɗakin nan? Duk makon nan Bahago yana wanke kwalabensa, tana jin ƙararsu ta bango, amma ko sau ɗaya ba ta ruga banɗaki ba. Tana ta neman abin da aka ɗauke mata a kan tebur, ba ta lura da abin da ya ɗauke daga iska ba.

Ta rufe hasken. Ta yagi ɗan siririn takarda ta riƙe a bakin bututun. Da, iskar sanyin ɗakin can takan kaɗa shi kamar tuta. Yanzu ya tsaya ƙyam.

"A kunna fitila," ta ce. "A kashe lesa. A ba ni sukudireba."

"Dakta," Farfesa ta fara.

"Ranki ya daɗe, an toshe bututun nan."

"Amma haske yana wucewa," in ji dattijon.

"Haske yana wucewa. Iska ce ba ta wucewa."

Ta kwance notunan, ta zare bututun daga bango, ta karkata shi a tafin hannunta. Ba abin da ya faɗo. Ta zura sukudireba ta ɓamɓare baƙin tef ɗin da aka naɗe ciki da shi, sai ga wani dunƙulen gilashi ya sulmiyo, mai nauyi, garau kamar ruwa, tsawonsa ya kusa tafin hannunta.

Dattijon ya karɓa ya ɗaga shi ga fitila, girarsa ta tashi. Ba sai an yi masa bayani ba, amma Auta ta yi, don kunnen Farfesa da na wanda ke jingine da bango.

"Kowane bugu launuka ne a dunƙule, kusa da kusa. A iska tare suke tafiya. A cikin gilashi mai kauri irin wannan, wani launin ya fi wani sauri, sai bugun ya miƙe ya yi tsawo. Hasken duka yana isowa, shi ya sa mita ba ta ga komai ba, ita jimla take gani. Amma zarena ba jimla yake so ba. Mari yake so, a lokaci guda. Wannan abin ya mayar da marin shafa." Ta nuna bango. "Na'urar gajarta kuma tana can kafin bango. Ba ta taɓa ganin abin da yake isowa nan ba. Ni ma ban taɓa aunawa a nan ba, na yarda da su biyun."

Ta mayar da bututun fanko, aka kunna lesa, aka kashe fitila. Ta rage ƙarfi zuwa lambar da ta wallafa, ta taɓa madubi ɗaya, ta taɓa na biyu. Jan tabon ya yi rawa, ya yi ruwan lemo, sai ya buɗe gaba ɗaya. Rawaya, kore, shuɗi har zuwa gefen katin, hasken ya hau fuskar dattijon da farar girarsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya duba mita. Ya sa hannunsa ya tare hasken, launukan suka mutu, ya janye suka dawo.

"To," ya ce. "Ba haɗi ba ne."

Auta ta jawo kujera. Ba ta kai ga zama ba muryar Farfesa ta yanke ɗakin.

"A kunna fitila. Malam, gilashin waye wannan?"

Bahago ya miƙe daga bango. "Nawa ne. Daga tsohuwar na'urata na ciro shi."

"Kai ka sa?"

"Ni na sa. Na auna kafin, na auna bayan, na ga ya ɗan ragu, na ƙara wa lesa wuta har mitarta ta dawo daidai. Wallahi na ɗauka shi ke nan. Ni a aikina mita in ta ce daidai, daidai ne. Ko da ta ce abu ya ɓata, hankalina bai kawo gilashin ba."

"Me ya sa ka sa shi? Me ya sa ka ce ba ka shigo ba?"

Ya buɗe baki. Idonsa ya je kan Auta, ya sauka ƙasa kamar ranar farko, ya kauce. Ya rufe bakin.

"Ina jin ka."

"Ba ni da abin cewa, ranki ya daɗe."

"To ni ina da shi. Ma'aikacin da ya lalata gwajin abokiyar aikinsa ana dab da yanke mata hukunci, ya ɓoye, ya yi ƙarya, ba zai ƙara kwana da makullin benen nan ba. Ajiye shi a nan."

Ya sa hannun hagu a aljihu. Auta tana kallon hannun, sai komai ya jeru mata: Yaya tana tambaya ko har yanzu warin yana sa ta amai, famfon da bai gyaru ba, wannan idon da yake sauka kan cikinta yana gudu. Yaya ba ta riƙe rantsuwa ba. Ta gaya masa, ta kuma hana shi nuna ya sani. Shi kuma ya zo ranar hutu ya toshe wa ƙanwar matarsa wari, ya yi ƙaryar da bai iya ba, yanzu ga shi zai ajiye makulli don kada ya furta abin da ba nasa ba.

Sunanta ya wanku. Kwantiragi kuwa har yanzu yana kan teburin Farfesa ba a sa hannu ba. In ta yi shiru, babu wanda zai sani sai an sa.

Makullin ya yi ƙara a kan tebur.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "saboda ni ya sa shi. Juna biyu ne da ni. Warin sinadarinsa yana biyo bututun yana sa ni amai. Na ɓoye muku, na sa yayata ta rantse, ita kuma bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Abin da na faɗa miki jiya a kansa, na janye."

Dattijon ya sami abin dubawa a jikin gilashin. Farfesa ta kalli Auta, ta kalli Bahago, ta sake kallon Auta.

"Wato ke kin ɓoye mini, shi ya yi mini ƙarya, na ɗauko bawan Allah daga nesa ya zo kallon rikicin gidanku." Ta tura makullin da yatsa ɗaya zuwa wurin Bahago. "Ɗauki. Daga yau a waje za ka riƙa wanke kwalabenka. Ke kuma ki same ni a ofis bayan baƙo ya tafi, mu yi maganar kwantiragi da hutun da za ki bukata. Ba na sa hannu a kan abin da ban sani ba, yanzu na sani."

Farfesa ta fita tare da dattijon, yana tambayarta ko za a ba shi guntun zaren ya tafi da shi.

Bahago ya ɗauki makullin, ya ɗauki gilashinsa, ya auna nauyinsa a hannu. "Ashe har wurin Farfesa kika kai ni."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Yau kuma ni ne Yaya? Da bakan gizon bai fito ba, da yanzu sunana ɓarawo." Ya yi ajiyar zuciya. "Ki kira ta. Tun ranar da kika je gidan take kuka a kan albasa, ta ce albasar ce."

"Zan kira ta." Auta ta ɗauki mitar ta mayar da ita hannun dama, ta nannaɗe wayar. Sai ta tsaya. "Ban da kai, wa kuma ta gaya wa?"

Bahago ya kalli silin, ya kalli ƙofa.

"Kin lura tun makon jiya mai gadi yake karɓar miki jaka a matakala?" ya ce, ya fice kafin ta samu abin jifa.